Awa Tara a Jakar Surajo

Batsari,
4 ga Oktoba, 2021.

Zuwa ga matata Zuwairatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya kamar yadda ta bar mu. Ya karatu, ya Zariya, ya kewar gida? Mahfuza tana wurin Hajiyata lafiyarta ƙalau, ta yi kumatu, kuma ta koyi cewa "ba ruwana" in an kama ta da ɓarna. Hajiya ta ce halinki ne, ni kuwa ban musa ba.

Tun da aka yanke mana sabis ɗin waya saboda matsalar tsaro wayata ta koma tocila. Ga shi na koma rubuta wasiƙa ina ba direba, kamar zamanin kakanninmu. Ke da kike cewa ba na iya haɗa miki kalma uku masu daɗi a waya, yanzu sai ki shirya karanta shafi biyu.

Labarin farko, an ɗora mini kaya. Ƙungiyarmu ta ma'aikatan ɗakin gwaji ta yanke a yi bita ta musamman ta kwana biyar ga mutanenmu na Batsari da Safana, a kan gwaje-gwajen da ke nuna yadda jiki yake sarrafa abinci: sukari, kitsen jini, gishirin jiki, aikin ƙoda da na hanta. Da aka zo neman wanda zai shirya, na tashi na fita alwala. Kafin in dawo an zaɓe ni, har an yi addu'a an shafa. A Safana za a yi, don su ke da wutar sola mai riƙe firji. Wadda za ta koyar kuwa Dakta Ramlat ce daga Kano, ƙwararriya a wannan fanni, in har na shawo kanta ta yarda da hanyarmu.

Yanzu maganar da na san ita kike jira, wato Inna. Na karanta abin da kika rubuta, cewa yayanki Daudu ya ce ta rame, tana yawan shan ruwa, ga gyambo a ɗan yatsan ƙafa ya ƙi warkewa. Kin ce in je Wagini in gwada ta da kaina. Zuwairatu, kin san abin da kika nema kuwa? Shekara bakwai da aurenmu ban taɓa ganin fuskar Inna sosai ba. In na je gaisuwa a bakin zaure nake cire takalmi in durƙusa, ita tana can cikin ɗaki bayan labule, matar Daudu ce ke kai gaisuwa tana kawo amsa. Ran da muka yi kiciɓis a hanyar rijiya, kin tuna, ita ta faɗa gonar gero, ni na faɗa ta dawa. To yaya zan riƙe hannunta in soka mata allura? Ko ni na daure, ita ba za ta yarda ba.

Sai na yi dabara. Na aika wa Naja'atu, ma'aikaciyar lafiyar da ke asibitin Wagini, kwalbar jini da takarda, na ce ta ɗebi jinin Inna da safe kafin ta karya, ta ba Surajo mai babur ɗin da ke zagaya ƙauyuka yana kwaso mana samfur. Da ina so da 'yar na'urar hannu na aika, a tsaga yatsa a gani nan take. Amma na ce surukata guda ba za a yi mata gwajin tsinke ba, babbar na'urarmu za ta shiga. Jinin ya iso jiya, ni da kaina na yi aikin, sau biyu na maimaita. Biyar da ɗigo huɗu. Ke ungozoma ce, ba sai na fassara miki ba. Inna ba ta da ciwon sukari.

Don haka ki kwantar da hankalinki ki fuskanci jarrabawarki. Rama ta aikin kaka ce, kin san Inna ba ta zama in ana roron gyaɗa. Gyambon ma Daudu ya ce tsinken kara ta taka. Na aika da maganin wankewa da bandeji.

Ki gaida abokan ɗakinki. Ki riƙa cin abinci, kada ki dawo mini kamar sillen kara.

Naki har kullum,
Sammani.

Batsari,
13 ga Oktoba, 2021.

Zuwa ga Maman Mahfuza,

Assalamu alaikum. Gaisuwa irin ta mai kewa, da fatan kina lafiya, karatu kuma yana shiga. Takardarki ta iso ranar Litinin, na karanta ta sau uku, ta huɗu Hajiya ta kama ni ina murmushi ni kaɗai. Na ji daɗi da kika ce kin yi barci mai kyau tun da kika ga sakamakon Inna. Godiyar da kika jero kuwa ta yi yawa, ai Inna uwata ce.

Shirin bita ya sa na san cewa waya ni'ima ce. Takardar gayyata ashirin da biyu na rubuta, kowacce sai an kai ta hannu da hannu. Surajo ya kai na Karare da Darini da Wagini, ni na kai na Safana. A Darini aka ce ma'aikacin ya tafi gona, Surajo ya bi shi har can ya same shi a kan tulin gero, ya karɓi takardar da hannu duk ƙaiƙayi. Don in yi magana da Dakta Ramlat sau biyu ina shiga mota har sai na kai inda sabis yake, in tsaya a bakin titi ina ɗaga waya sama tare da wasu mutum goma masu irin matsalata. Tambayarta ta farko ita ce lafiyar hanya. Na gaya mata gaskiya, cewa da rana ake tafiya, kuma kafin la'asar kowa ya shige gida. Ta ce za ta zo, tunda mu da muke ciki ba mu gudu ba.

Abokin aikina na Safana, Malam Nasiru, shi na ba ɓangaren abinci da masauki, kuma na yi nadama. Mutumin nan ya tsara tuwo da miyar kuka da man shanu safe da rana, ga fura da la'asar. Na ce masa mutane za su zo koyon kitsen jini ne, ba tara shi ba. Ya ce wanda bai ƙoshi ba ba ya gane karatu. Mun rabu a kan za a rage man shanun, ban kuma yarda zai rage ba.

Sinadaran gwajin sun iso daga Katsina a cikin kula da ƙanƙara, na raka su har firjin Safana kamar mai rakiyar amarya. Abin da ya rage shi ne kujeru da allo. Dakta ta aiko da jerin abubuwan da take so a tanada, har da wani abu da ya ba ni dariya: wai a samo mata mai babur ɗin da ke kawo mana samfur, da jakarsa, ranar Talata. Na gaya wa Surajo, ya ce shi bai yi boko ba, me zai yi a ajin likitoci? Amma na ga ya kai babbar rigarsa wanki.

Daudu ya shigo kasuwa ranar Alhamis, ya biyo ta wurina. Ya ce Inna ta ji daɗin sakamakon ƙwarai, don dama abin da take tsoro shi ne a hana ta fura. Ta koma damunta da safe da yamma. Ƙafar ce dai har yanzu, wai ta ɗan kumbura, tana ɗingishi. Na ƙara masa bandeji, na ce in ba ta yi sauƙi ba a kawo ta bayan bita a duba. Na kuma ba shi kwalbar zuma babba, ta gaske, da ƙullin sukari da ganyen shayi ya kai mata, don ta samu ƙarfin jiki. Kada ki ce na fi kula da ita a kanki, taki zumar tana nan na ɓoye.

Ɗakinki yana nan yadda kika bar shi, sai dai tsintsiya ta yi kewarki. Saura mako biyu ki gama, ina ƙirgawa.

Mijinki,
Sammani.

Safana,
19 ga Oktoba, 2021.

Zuwairatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Mu ma lafiya, Mahfuza lafiya. Ki yi haƙuri gaisuwar yau gajera ce, direba zai tashi bayan la'asar, kuma akwai abin da dole in gaya miki kafin zuciyata ta ba ni shawarar in yi shiru.

An fara bita jiya, mutum goma sha tara suka zo. Dakta Ramlat 'yar ƙaramar mace ce mai sanyin murya, amma in ta yi tambaya sai ka ji kamar ba ka taɓa shiga aji ba. Yau da safe ta sa Malam Nasiru ya sha shayi mai sukari cokali huɗu, bai yi gardama ba. Bayan ɗan lokaci ta ɗebi jininsa ta raba kwalba uku. Ta farko aka juya ta a inji nan take aka gwada, tara da ɗigo ɗaya. Ta biyu mai marfi ruwan toka ce, wadda ke da maganin da ke hana sukari raguwa. Ta uku irin tamu ce ta kullum, mai jan marfi. Ta sa ta biyu da ta uku a jakar Surajo, ta ce ya rataya ta a babur ya yi ta harkarsa a rana yadda ya saba, ya dawo bayan azahar.

Da ya dawo aka gwada. Mai ruwan toka ta ba da takwas da ɗigo shida. Mai jan marfi ta ba da biyar da ɗigo uku. Jini ɗaya, mutum ɗaya. Ajin ya ɗauki dariya, ana ce wa Malam Nasiru babur ya warkar da shi. Dakta ta ce ƙwayoyin jini ba su san an fitar da su daga jiki ba, suna nan da rai a cikin kwalba suna cin sukarin da ke ciki, kuma zafi yana ƙara musu ci. Sannan ta tambayi Surajo yaya yake zagayensa. Ya ce da can in an ɗebi jini waya ake yi masa, kafin awa guda ya kai. Yanzu da babu waya sai ya bi ƙauyukan ɗaya bayan ɗaya ko akwai ko babu, Wagini ce farko da sassafe, Batsari ce ƙarshe wajen la'asar.

Zuwairatu, ban ji sauran bayanin ba. Na juya na dubi Naja'atu a layin baya, na tarar ita ma ni take kallo. Da aka tashi na tambaye ta ƙarfe nawa ta ɗebi jinin Inna. Ta ce bakwai na safe. Ni kuwa ƙarfe huɗu na karɓe shi daga hannun Surajo. Awa tara, a kwalba mai jan marfi da ni na aika da hannuna.

Ba zan ce ban sani ba. An koya mana wannan a makaranta, na rubuta shi a jarrabawa na ci. Kwalabe masu ruwan toka sun ƙare mana tun bara, muka ci gaba da ja saboda jini yana isowa da wuri, har na manta dalilin da ya sa ake bambanta su. Da hanya ta canja ban canja ba. Takardarmu ba ta da wurin rubuta lokacin da aka ɗebi jini, ni kuma ban tambaya ba. Na maimaita gwajin sau biyu ina jin ni mai kula ne, ashe jinin da ya riga ya lalace nake ta maimaitawa. Surajo ba shi da laifi, Naja'atu ba ta da laifi.

Biyar da ɗigo huɗun da na rubuto miki ba ta da ma'ana. Wataƙila Inna lafiyarta ƙalau, wataƙila kuma sukarin ya ninka haka a lokacin da aka ɗiba. In na haɗa da ramar da ƙishirwar da ƙafar nan, jikina yana ba ni na biyun. Kwana goma sha shida ke nan tana shan fura da izinina, kuma zumar da ke cikin furar ni na aika.

Na gaya wa Dakta komai, ban ɓoye cewa surukata ce ba. Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi ma da na fi jin sauƙi. Ta buɗe jakarta ta ba ni na'urar hannu da tsinkayenta, ta ce gobe Malam Nasiru zai riƙe bita, in tafi da sassafe tare da Naja'atu. Na ce Naja'atu ta isa ta yi gwajin. Ta ce Naja'atu za ta iya tsaga yatsa, amma wanda ya ce wa tsohuwa ba ta da ciwo shi zai je ya ce mata tana da shi, in ba haka ba ba za ta yarda ta bar gida ba.

Gaskiyarta. Garin girmama Inna na cuce ta, kuma kunyar da na fake da ita ta ishe ni haka. Ki yi mana addu'a. Ki yafe mini in za ki iya, in ba za ki iya yanzu ba zan jira.

Mijinki,
Sammani.

Katsina,
21 ga Oktoba, 2021.

Zuwa ga Zuwairatu,

Assalamu alaikum. Da fatan kin tashi lafiya, ya jarrabawa? Ki lura daga inda nake rubutu, amma kada ki firgita. Inna tana asibiti a nan Katsina, tana hannun likitoci, ta ci abinci yau, ta yi sallarta a zaune. Na gwada kiranki tunda nan akwai sabis, aka ce wayarki a kashe, na san dokar makarantarku a makon jarrabawa. Shi ya sa na koma takarda.

Mun isa Wagini jiya da hantsi. Na cire takalmi a zaure kamar kullum, amma ban tsaya a nan ba, na bi Naja'atu har ƙofar ɗakin Inna. Matar Daudu ta saki muciya ta bi ni da kallo. Na ji motsin Inna a ciki tana jan mayafi. Na durƙusa a bakin labule na gaishe ta, sai matar Daudu ta matso don ta karɓi saƙo kamar yadda aka saba. Na ce mata yau ba sai ta kai ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na yi magana da labule kamar minti biyar. Na ce gwajin farko bai yi ba, kuma ba na'ura ce ta yi kuskure ba, ba yarinyar da ta ɗebi jini ba ce, ni ne. Na faɗi yadda aka yi da Hausar da za ta gane. Na ce ina roƙon ta ba ni yatsa ɗaya. Tantabarun Daudu suna ta kuka a bayan ɗaki. Can sai labulen ya motsa daga ƙasa, hannu ya fito, tafin a sama.

Zuwairatu, hannunku iri ɗaya ne, har lanƙwasar ƙaramin yatsan. Sai dai nata ya bushe, zoben azurfarta yana yawo. Ni da nake soka allura sau talatin a yini, sai da Naja'atu ta riƙe mini na'urar. Ashirin da ɗaya da ɗigo bakwai. Ba ta ma karya ba tukuna, furar tana gefe a rufe da faifai.

Naja'atu ta shiga ta kwance ƙafar, ta fito ta kira ni gefe. Tun kafin ta yi magana warin ya gaya mini. Yatsu biyu sun yi baƙi, kumburin ya kai idon sawu. Inna ta ɓoye wa kowa yadda abin ya kai, wai kada a tayar da hankalinki kina karatu. Da aka ce sai asibiti ta ce a bari a gama ɗaurin dawa. Na sake durƙusawa na ce ni na ce mata lafiyarta ƙalau ta yarda, to yanzu ma ni nake cewa in ta kwana a gida ƙafar za ta iya tafiya. Sai na ji tana gaya wa matar Daudu inda zannuwanta suke.

Daudu yana gona, aka kira shi. Muka samu motar da ta kawo buhuna, aka shimfiɗa mata katifa a baya. Ni na zauna gaba, har muka iso ban waiwaya ba, ita ma fuskarta a rufe. A Batsari aka sa mata ruwa da allurar rage sukari, likitanmu ya duba ƙafar ya rubuta mana takarda zuwa nan.

Likitan fiɗa ya ce sai sukarin ya sauka kafin su san iyakar abin da za su taɓa. Na tambaye shi da an kawo ta mako biyu da suka wuce fa? Ya dube ni, ya ga rigar aikina, ya ce kada in tambayi abin da na san amsarsa.

Zan koma Safana gobe a rufe bita, in dawo jibi. Daudu da matarsa suna wurinta. Ki gama takardunki biyun da suka rage, Inna ta ce in kika baro jarrabawa saboda ita ba ta yafe ba. Ta bakin matar Daudu ta faɗa, amma da ƙarfi yadda zan ji.

Naki,
Sammani.

Katsina,
27 ga Oktoba, 2021.

Zuwa ga matata Zuwairatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ina yi miki barka da gama jarrabawa, Allah ya ba da sa'a. Mahfuza tana gaishe ki, Hajiya ta kawo ta ta ga kakarta, ta hau gadon ta cinye mata lemo. Daudu ya ce kun yi waya jiya, za ki taso ranar Asabar. Ni ba ki kira ni ba, ban kuma samu amsar takarduna biyu ba. Ban yi ƙorafi ba. Na ce ma gara in sake rubutawa, don abin da zan faɗa in na ji muryarki ba zan iya ba.

An yi aikin ranar Litinin. An cire yatsu biyu, ƙaramin da na kusa da shi. Ƙafar ta tsira, likita ya ce za ta taka, za ta je rijiya, amma gona sai dai ta tsaya a bakinta ta ba da umarni. Sukarin ya sauko zuwa tara. Ana koya wa matar Daudu yin allura, hannunta ya fi na wasu ma'aikatanmu.

An rufe bita lafiya ranar Juma'a. A jawabin rufewa an sa ni in yi godiya ga manyan baƙi, sai na ajiye takardar na ba su labarin kwalbar nan daga farko har ƙarshe, ban faɗi sunan mai jinin ba. Mun yanke cewa daga yau duk kwalbar da ba a rubuta lokacin ɗibarta ba ba za a karɓa ba, kuma gwajin sukari na ƙauye a yi shi a ƙauyen. Dakta Ramlat ta bar mana na'urorin hannu uku, ta ce za ta dawo bayan wata shida ta ga ko mun riƙe. Mun buɗe rajista mun fitar da sunan mutum arba'in da ɗaya da aka ce musu lafiya lau tun da aka yanke waya. Surajo da Naja'atu sun fara bin su gida gida. Zuwa jiya an sake gwada sha huɗu, uku suna da ciwon.

Yanzu abin da ya sa na ɗauki biro. Bayan aikin Daudu ya tsare ni a bakin gadon Inna, an ja labulen asibiti tsakaninmu da ita. Ransa a ɓace, kuma yana da gaskiya. Ya ce shi bai gane ba, yaya aka ce babu ciwo, bayan mako biyu a ce har ya ci ƙafa? Ranar da na je Wagini yana gona, bai ji bayanina ba, matarsa kuma ba ta gaya masa ba. Na buɗe baki zan faɗa masa, sai muryar Inna ta fito daga bayan labule. Ta ce, "Kai Daudu, rabu da bawan Allah. Ni na sha jiƙon shuwaka kwana ukku kahin a ɗibi jinin, don kar a hana mani hura. In laihi kake nema ga ni nan kwance."

Zuwairatu, ba ta sha komai ba. Matar Daudu ta sunkuyar da kai, ni na kasa ɗaga nawa. Daudu ya yi ta yi mata faɗan ɗa da uwa, ya juyo ya ba ni haƙuri, har ya riƙe hannuna. Ban taɓa jin nauyin haƙuri irin wannan ba.

Da ya fita sallah, matarsa ta tafi ɗebo ruwa, na tashi zan bi su. Sai na ji ta ce, "Mijin Zuwai." Shekara bakwai, wannan ce kalma ta farko da ta yi mini ba ɗan aike. Na durƙusa. Ta ce abin da ya wuce a bakin ƙofarta ya tsaya a bakin ƙofarta, kada in kuskura in rubuta miki, don ita ta san halin 'yarta da riƙo. Ta ce yatsa biyu ba su kai darajar auren 'yarta ba. Na ce to. Ban iya gaya mata cewa takardar ta riga ta isa Zariya tun mako guda ba.

Don haka in kin zo za ta ba ki labarin shuwaka. Ina roƙonki ki saurare ta, ki yi mata faɗan da take jira, kada ki ƙaryata ta a gaban kowa, don ta sha wahalar shirya shi. Amma ke kin san yadda aka yi, yana hannunki a rubuce, kuma ba zan janye ko kalma ɗaya ba. Abin da ke tsakanina da ke kuwa, duk hukuncin da kika yanke na karɓa. Zan zo tasha ranar Asabar tun azahar. In kin ga dama ki yi mini magana, in ba ki ga dama ba ki miƙo mini jakar kawai.

Likita ya ce a samo mata takalmi mai laushi mai rufaffen gaba, da shi za ta koyi tafiya, kuma na ji an fi samun masu kyau a Zariya. Ki sayo lamba talatin da tara, mai faɗi. Babu kowa a ɗakin sai ni da aka zo tambayar lambar ƙafarta, ni na auna ƙafar da hannuna, kuma ba ta janye ba.

Allah ya kawo ki lafiya.

Mijinki mai jiranki,
Sammani.